Kafin a rataya wa mutum lambar yabo

A ranar 18 ga Janairun 2007, shugaban Faransa na lokacin, Jacques Chirac, ya shiga Panthéon, ginin nan na birnin Paris inda Faransawa ke binne gwarazansu, ya buɗe wani allo da aka kafe a bango don girmama mutanen ƙasar da suka ɓoye Yahudawa a zamanin mamayar 'yan Nazi. Tare da shi akwai Simone Veil, wadda aka kai ta sansanin Auschwitz tana 'yar shekara 16. Ita ta dawo da rai, amma iyayenta biyu da ɗan'uwanta ba su dawo ba. Yawancin waɗanda aka karrama a ranar talakawa ne: manoma, malaman makaranta, limaman coci, sistoci, ƙananan ma'aikata. Da yawansu sun riga sun mutu, 'ya'ya da jikoki ne suka wakilce su.

Wata guda bayan haka Maurice Papon ya mutu yana da shekara 96. Babban jami'in gwamnati ne a Bordeaux tsakanin 1942 da 1944, kuma ta ofishinsa aka tattara Yahudawa fiye da 1,500 aka tura su hannun Jamusawa. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare babu abin da ya same shi. Ya zama shugaban 'yan sandan Paris, ya zama ministan kasafin kuɗi, aka rataya masa Légion d'honneur, babbar lambar girma ta ƙasar. Sai a 1998 kotu ta same shi da laifin taimakawa wajen cin zarafin bil'adama, aka yanke masa shekara 10, aka kuma ƙwace lambar. Duk da haka, da zai shiga kabari, lauyansa ya dage sai da aka binne shi da ita.

Ni ina goyon bayan a karrama duk wanda ya yi aikin gyara tsakanin Faransawa da Yahudawan ƙasarsu. Yabon gwani ya zama dole. Amma waɗannan abubuwa biyu da suka faru wata ɗaya tsakani sun ishe ni hujjar cewa ganin lamba a ƙirjin mutum ba ya gaya maka komai sai ka san wane ne ya ba shi, me ya yi har aka ba shi, kuma wace gaskiya mai bayarwar ya yarda ya faɗa kafin ya bayar. Wannan ta ƙarshen ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta fi damuna.

Ya kamata mai karatu ya san cewa Yahudawan Faransa ba baƙi ba ne da ake neman ƙulla abota da su daga nesa. Tun watan Satumban 1791 majalisar juyin juya hali ta ba su cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa, Faransa ce kuma ta fara yin haka a Turai. Sun yi soja, sun yi koyarwa, sun yi mulki. Léon Blum ya zama firaminista a 1936. Amma ƙiyayyar ba ta taɓa mutuwa ba. A 1894 aka yi wa wani kyaftin Bayahude, Alfred Dreyfus, sharrin sayar wa Jamus sirrin soja, aka tuɓe masa anini a bainar jama'a, aka jefa shi kurkukun wani tsibiri a gaɓar Amurka ta Kudu. Shekara 12 aka yi ana tafka rigima kafin a wanke shi a 1906. Saboda haka in ana maganar zumunci a nan, ana maganar ɗinke ɓarakar da ta faru a cikin gida ɗaya ne, inda wasu 'yan gidan suka ci amanar wasu.

Cin amanar mafi muni ya zo ne bayan Jamus ta ci Faransa a 1940. Gwamnatin Marshal Pétain da ta zauna a garin Vichy ba ta jira Jamusawa sun matsa mata ba, a watan Oktoban shekarar ta kafa dokar da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, koyarwa, soja da aikin jarida. A ranakun 16 da 17 ga Yulin 1942, 'yan sandan Faransa, sanye da kakin Faransa, suka bi gida-gida a Paris suka kama Yahudawa 13,152, cikinsu har da yara 4,115. Aka cusa dubbansu a wani rufaffen filin tseren keke da ake kira Vél d'Hiv, kwana da kwanaki cikin zafi, ba ruwan kirki ba makewayi, daga nan aka raba iyaye da 'ya'ya aka loda su a jiragen ƙasa. Jimillar waɗanda aka kwashe daga Faransa zuwa sansanonin kisa ta kai kimanin mutum 76,000, yara sun haura 11,000. Waɗanda suka dawo 'yan dubbai ne kawai.

To amma akwai ɗaya gefen lissafin, kuma daga nan ne masu cancantar yabo suka fito. Cikin Yahudawa kimanin 330,000 da ke Faransa a 1940, kashi uku cikin huɗu sun tsira. Dalilan suna da yawa, amma babba daga ciki shi ne ɗimbin mutanen da suka buɗe ƙofa suka kuma rufe baki. A Le Chambon-sur-Lignon, wani ƙauye mai sanyi a kan tsaunuka, Fasto André Trocmé da matarsa Magda da mutanen ƙauyukan kewaye sun yi shekaru suna karɓar 'yan gudun hijira, musamman yara, suna rarraba su gidajen gona da makarantun kwana, suna yi musu takardun bogi, suna tsallakar da wasu zuwa Suwizalan. Mutanen yankin mabiya ɗariƙar Furotesta ne, kakanninsu sun ɗanɗana farauta a hannun sarakunan Katolika, saboda haka ba sai an yi musu dogon bayani kan mutumin da ake nema ruwa a jallo ba. Abin bai tafi kyauta ba. Ɗan'uwan faston, Daniel Trocmé, wanda ke kula da wani gidan ɗalibai, an kama shi tare da su a 1943, ya mutu a sansanin Majdanek. A Toulouse kuma, babban limamin Katolika Jules-Géraud Saliège ya rubuta wasiƙa aka karanta a coci-cocin yankinsa ranar 23 ga Agustan 1942, yana cewa Yahudawa maza mutane ne, Yahudawa mata mutane ne, 'yan'uwanmu ne, ba kuma kome ne ya halatta a yi musu ba. Hukuma ta so hana karanta ta, aka kwafe ta da hannu da tafireta ta zaga ƙasa.

Irin waɗannan ne cibiyar Yad Vashem da ke birnin Ƙudus take ba lambar da ake kira ta salihan al'ummai, tun daga 1963. Faransawa fiye da 4,000 sun samu, ƙasar ce ta uku bayan Polan da Holan. Abin da ya sa nake ganin ƙimar wannan lamba fiye da yawancin lambobin gwamnati shi ne sharuɗɗanta. Sai an tabbatar mutum ya sa ransa ko 'yancinsa a hatsari. Sai an tabbatar bai yi don kuɗi ba. Kuma hujjar takan fito ne daga bakin wanda aka ceta ko daga takardun tarihi. Wato wanda aka yi wa alherin ne yake nuna mai alherin da yatsa, ba mutum ne yake shiga ofis-ofis yana neman a sa sunansa ba. Ministan da ya iya jawabi ba zai samu wannan lamba ba, tsohuwar da ta raba burodinta da yaron da ba ta san sunan ubansa ba za ta samu, ko da shekara 50 bayan rasuwarta.

Sai dai Faransa a matsayin ƙasa ta yi rabin ƙarni tana gudun faɗin gaskiya. Daga Janar de Gaulle har zuwa François Mitterrand, matsayin hukuma shi ne wai gwamnatin Vichy haramtacciya ce, Faransa ta gaskiya tana Landan tare da masu gwagwarmaya, don haka jamhuriya ba ta da laifin da za ta nemi gafara a kai. Mitterrand ma ya ci gaba da hulɗa da René Bousquet, shugaban 'yan sandan da ya tsara kamen 1942, har zuwa shekarun 1980. Waɗanda suka karya wannan shirun ba 'yan siyasa ba ne. Serge Klarsfeld, lauya wanda mahaifinsa ya mutu a Auschwitz, da matarsa Beate, Bajamushiya, sun bi takardun jiragen ƙasa ɗaya bayan ɗaya, a 1978 suka fitar da kundin sunayen waɗanda aka kwashe, kowa da ranar haihuwarsa da garinsu da lambar jirgin da ya tafi da shi. Suka kuma yi ta jan tsofaffin jami'ai zuwa kotu. Da sunaye suka yi yawa a gaban jama'a, musu ya yi wuya. A ranar 16 ga Yulin 1995, wata biyu da hawansa mulki, Chirac ya tsaya a wurin da filin tseren keken yake a da, ya ce Faransawa da gwamnatin Faransa sun taya 'yan mamaya aikata haukansu, kuma a wannan rana Faransa ta aikata abin da ba ya gyaruwa. A 1997 limaman Katolika suka je Drancy, sansanin da aka riƙa tara Yahudawa kafin a loda su a jiragen ƙasa, suka nemi gafara kan shirun da cocin ya yi.

A lura da yadda abubuwan suka jeru. An amsa laifi a 1995, an hukunta Papon a 1998, sannan aka shiga Panthéon a 2007. Da an juya jerin, da bikin karramawar ya zama wankin fuska: a tura masu ceton gaba domin su rufe 'yan sandan da suka yi kame da maƙwabtan da suka kai tsegumi suka gaji kayan ɗaki. Hatta dokar shekarar 2000 da ta ware rana guda a watan Yuli don tunawa ta haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya, laifukan gwamnatin Faransa da farko, girmama masu ceto daga baya. Ƙasar da ta yarda ta ce "mun yi" ita ce ke da bakin cewa "amma wasunmu sun ƙi".

Mutumin da na fi jinjina wa a wannan tarihi daga ɓangaren waɗanda aka zalunta ya fito. Jules Isaac masanin tarihi ne, littattafansa ne 'yan makarantar Faransa suka yi shekaru suna karantawa, ya kai matsayin babban sufeton ilimi na ƙasa. Dokar 1940 ta kore shi daga aiki. A 1943, wata rana da ya ɗan fita, aka kama matarsa; an kama 'yarsa da surukinsa da ɗansa. Ɗan ne kaɗai ya dawo. Mutumin da aka yi wa haka, in ya rufe ƙofarsa ya ce shi da Kirista har abada, wa zai ga laifinsa? Shi kuwa sai ya zauna ya bi diddigin inda ƙiyayyar ta samo asali, ya nuna cewa ƙarnuka na wa'azin coci da ke kiran Yahudawa la'anannu, masu kisan Almasihu, su ne suka share filin da 'yan Nazi suka yi shuka. Ya kira abin koyar da raini. A 1947 ya halarci taron Kiristoci da Yahudawa a Seelisberg ta Suwizalan, a 1948 ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar zumuncin Yahudawa da Kiristoci ta Faransa, wadda har yau tana nan, tana kuma ba da kyauta duk shekara ga masu irin wannan aiki.

A watan Yunin 1960, ya haura shekara 80, ya je Roma ya gana da Fafaroma John na 23, ya roƙe shi a gyara abin da ake koyarwa. Ya rasu a 1963, bai ga sakamako ba. A 1965 babban taron cocin Katolika ya fitar da sanarwar da ta ce ba za a ɗora wa Yahudawa baki ɗaya alhakin abin da Kiristoci suka yi imani ya sami Annabi Isa ba, ta kuma yi tir da ƙin jininsu. Wani abin da Musulmi da yawa ba su sani ba shi ne a cikin wannan sanarwar ce cocin ya rubuta cewa yana kallon Musulmi da girmamawa, a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya. Ƙoƙarin wani tsohon Bayahude da aka kashe masa iyali ya buɗe ƙofar da mu ma muka shiga. Zumuncin Isaac bai zo da lallashi ba, sai da ya gaya wa abokan nasa abin da ba sa son ji, kuma shi ya sa ya yi ƙarko.

A yau labarin ya sake kama, kuma Musulmi suna tsakiyarsa. Faransa ce ke da Yahudawa mafi yawa a Turai, kusan rabin miliyan, yawancinsu zuriyar waɗanda suka taso daga Aljeriya, Maroko da Tunisiya ne, ita ce kuma ke cikin masu Musulmi mafi yawa, galibi daga ƙasashen nan guda. A watan Maris na 2012 wani matashi, Mohammed Merah, ya kashe sojoji uku, biyu daga cikinsu Musulmi, sannan ya je wata makarantar Yahudawa a Toulouse ya harbe malami ɗaya da yara ƙanana uku. Mahaifiyar sojan da ya fara kashewa, Latifa Ibn Ziaten, 'yar asalin Maroko, ta ɗaura ɗankwalinta ta je unguwar da Merah ya girma. Samarin unguwar ba su san ta ba, suka ce mata ai Merah gwarzo ne, shahidi. Ta ce musu ita ce uwar wanda ya fara kashewa. Tun daga lokacin take yawon makarantu da gidajen yari tana magana da yara, tana tsayawa tare da iyalan Yahudawan a wuraren tunawa. A 2015 Gidauniyar Chirac ta ba ta kyautar rigakafin rikici, kyautar da a shekararta ta farko, 2009, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna suka karɓa a Paris.

Sai Lassana Bathily. Ranar Juma'a 9 ga Janairun 2015 wani ɗan bindiga, Amedy Coulibaly, ya kutsa kantin abincin Yahudawa na Hyper Cacher a gabashin Paris ya kashe mutum huɗu, ya yi garkuwa da sauran. Bathily ma'aikacin kantin ne, Musulmi, ɗan shekara 24, daga yankin Kayes na Mali, a ƙasan kantin ma yakan yi sallarsa. Da masu sayayya suka gudo ƙasa, ya shigar da su ɗakin sanyi, ya kashe injin da fitila, ya ce su yi shiru. Ya sulale ta na'urar ɗaga kaya ya fita. 'Yan sanda suka kwantar da shi suka sa masa ankwa, sun ɗauka abokin maharin ne, sai daga baya suka saurare shi, ya zana musu yadda kantin yake. Shi ma maharin iyayensa 'yan Mali ne. Kwana 11 bayan haka, ranar 20 ga wata, firaminista Manuel Valls da ministan cikin gida suka miƙa wa Bathily takardar zama ɗan ƙasa. Ya ce shi ba gwarzo ba ne, shi Lassana ne.

Na ji daɗin wannan karramawa, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Bathily ya shigo Faransa tun 2006, ya yi makaranta, yana aiki, ya kuma nemi zama ɗan ƙasa tun watan Yulin 2014. Halin da ya nuna ranar Juma'ar nan shi ne halinsa na ranar Alhamis, lokacin da ba wanda ya san shi sai masu sayayyar da yake ɗaukar wa kaya. A 2018 aka maimaita da wani ɗan Malin, Mamoudou Gassama, wanda ya hau bene hawa huɗu ta waje ya ceto yaro, shi ma aka gyara masa takardu nan take. In takardar zama ɗan ƙasa ta koma tukuici, saƙon da ake aika wa dubban 'yan Afirka masu share titunan Paris da wanke kwanukan gidajen abincinta shi ne sai ka yi kasada da ranka a gaban kyamara kafin a ga mutuncinka. Wannan ba laifin Bathily ba ne, ba kuma laifin Yahudawan da suka rungume shi ba ne. Laifin hukumar da ta fi son biki a kan gyaran tsari ne.

Na san abin da wani mai karatu yake faɗa a ransa tun ɗazu: ana ruguza Gaza, ana binne yara, kai kuma kana nan kana zancen zumunci da Yahudawa? Raɗaɗin da ke bayan tambayar nawa ne ni ma. Abin da gwamnatin Isra'ila ta yi wa Falasɗinawa zalunci ne, kuma ba zan sassauta kalmar ba. Amma yarinyar da aka harbe a harabar makarantarta a Toulouse ba ta taɓa jefa bam a kan kowa ba. Tsohuwar nan mai shekara 85 da ta tsira daga kamen 1942 tana yarinya, aka zo aka kashe ta a ɗakinta a Paris a 2018, ba ta da kujera a majalisar ministocin Isra'ila. Mu da muke kuka duk lokacin da aka ɗora wa kowane Musulmi laifin Boko Haram ko na masu kai hari a Turai, mun fi kowa sanin ɗacin a kama ka da laifin wani. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya hana ƙiyayya da wasu mutane ta sa a bar adalci, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce, ashe ba rai ba ne?

Tarihin Faransa ma da kansa ya nuna cewa mai ƙin ɗaya ba ya barin ɗayan. Papon ɗin nan da ya tura Yahudawan Bordeaux shi ne shugaban 'yan sandan Paris a daren 17 ga Oktoban 1961, lokacin da aka far wa 'yan Aljeriya masu zanga-zangar lumana, aka kashe gommai, wasu masana na cewa sun haura 100, aka jefa gawarwaki a kogin Seine. A ɗaya gefen, Pierre Vidal-Naquet, masanin da iyayensa biyu suka mutu a Auschwitz, yana sahun gaba na waɗanda suka tona asirin azabtarwar da sojojin Faransa ke yi wa 'yan Aljeriya, ya kuma goyi bayan haƙƙin Falasɗinawa har ƙarshen rayuwarsa.

Inda nake tsoron lambobin yabo na zamanin nan shi ne inda abota da Yahudawa ta zama sandar dukan Musulmi. Jean-Marie Le Pen, jagoran masu tsattsauran ra'ayin dama na lokacin, ya ce a 1987 ɗakunan gas da 'yan Nazi suka kashe Yahudawa a ciki ƙaramin batu ne a tarihin yaƙin duniya na biyu. 'Yarsa Marine ta ce a 2017 Faransa ba ta da alhakin kamen Vél d'Hiv, wato ta so mayar da ƙasar baya da jawabin Chirac. Amma ranar 12 ga Nuwamban 2023, a babban gangamin yaƙi da ƙin jinin Yahudawa da ya tara mutum fiye da 100,000 a Paris, ga ta nan cikin jerin da mutanenta. Jam'iyyarta ta gano cewa wannan sabuwar riga tana buɗe mata ƙofofin da a da suke rufe, alhali abin da take faɗa kan baƙi da masu hijabi bai sauya ba. Abin ya yi nisa har Serge Klarsfeld da kansa ya ce a 2024 zai iya zaɓar jam'iyyar in aka bar shi da ita da masu tsattsauran ra'ayin hagu. Ina girmama aikin rayuwarsa, amma a nan ban bi shi ba. Duk abotar da sharaɗinta shi ne a samu wani na uku a haɗu a tsana, ba irin ta Isaac ba ce, kuma bai kamata a ba ta lamba ba. A watan Afrilun 2025 an daɓa wa wani matashi ɗan Mali wuƙa har lahira yana cikin masallaci a La Grand-Combe, a kudancin ƙasar. Wanda ya yi tattaki a Nuwamba ya kuma yi shiru a Afrilu, ban yarda don kare rai ya fito ba.

Akwai kuma wani ciwo da ya shafe mu kai tsaye. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa da wuta, ta ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ba da labarinsa, ta kara da Sarauniya a Lugu. Babu shugaban Faransa da ya taɓa tsayawa ya yi wa mutanen Ƙonni irin jawabin 1995. Sojojin Afirka da aka harbe a Thiaroye ta Senegal a 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu, sai a 2024 Emmanuel Macron ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Wasu kan ɗauki wannan su mayar da shi haushin Yahudawa, su ce su an lallashe su mu an share mu. Ni abin da nake gani daban ne. Ba tausayi ne ya kawo jawabin Chirac ba, shekaru ne na tattara sunaye da takardu da shari'a. A bangon gidan tunawa na Paris an sassaƙa sunaye kimanin 76,000. Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Sakkwato da Kano suna da masana tarihin da za su iya bin zuriyar Ƙonni da ƙauyukan hanyar su rubuta abin da ya rage a bakin dattawa, su haɗa da abin da ke cikin taskokin Faransa.

Lambobin yabo dai ba su hana jini zuba ba. Hare-hare da barazana ga Yahudawa da aka rubuta a Faransa sun tashi daga 436 a 2022 zuwa 1,676 a 2023. A 2015 kaɗai kusan mutum 8,000 suka tattara suka koma Isra'ila, wasu iyalai kuma sun bar unguwannin talakawan kewayen Paris inda a da suke cuɗanya da maƙwabta Musulmi, tun daga shekarar kuma sojoji ke sintiri a ƙofar makarantu da wuraren ibadarsu. Yaron da ya tashi a irin unguwar nan yanzu yana iya kaiwa shekara 20 bai taɓa zama aji ɗaya da Bayahude ba, duk abin da ya sani daga waya ya samo shi. Shi ya sa aikin Michel Serfaty ya fi mini liyafar manya. Malamin Yahudawa ne haifaffen Maroko, yana jagorantar jama'arsa a Ris-Orangis, kudu da Paris. A 2003 wasu samari suka doke shi a titi yana hanyar zuwa ibada. Shekara ta gaba ya kafa ƙungiyar zumuncin Yahudawa da Musulmi ta Faransa, ya samu motar bas, ya ɗauki limami da matasa Musulmi, suka riƙa shiga unguwannin da 'yan siyasa ba sa zuwa sai lokacin zaɓe, su tsaya bakin kasuwa, su bar mutane su amayar da abin da ke ransu, har da zagi, sannan a yi magana. In gwamnatin Faransa da manyan ƙungiyoyin Yahudawa da na Musulmi suna neman wanda za su karrama, su duba wajen irin waɗannan, kuma su haɗa lambar da kuɗin mai da albashin matasan da ke cikin motar, don su samu kaiwa unguwanni na gaba.